Tausar da muka bari a gida, damuwar da muke kaiwa kemis

Ni ɗan fari ne, kuma duk wanda ya tashi a irin gidajenmu na cikin garin Bauchi ya san abin da hakan yake nufi. Tunda nake mahaifiyata Dada ba ta taɓa kiran sunana ba, sai dai tace "shi wancan" ko "babban naku", in na shiga gaishe ta kanta a ƙasa take amsawa, a hannun Goggo na tashi, ita ta goye ni ita ta yaye ni. Ba wai Dada ba ta sona ba ne, kara ce, haka ta taras ana yi haka ta yi. Na fara da wannan ne saboda ku gane nauyin abin da zan faɗa.

Wajen ƙarshen 2023, watanni kaɗan bayan cire tallafin mai, wani abu ya same ni wanda har yau in na tuna sai na ce Alhamdulillah. Ina da ɗan shago a kasuwar Wunti, kayan masarufi, kuma kowa ya san yadda lokacin ya kasance, litar mai da ake saya ƙasa da naira 200 ta haura 500 cikin 'yan kwanaki, kaya ka sayar yau gobe ka je sari kuɗin ba zai ɗauko maka abin da ka sayar ba, waɗanda kake bi ba su da shi, waɗanda suke binka kuma ba sa ɗaga ƙafa don su ma ana binsu. Sai barci ya ƙaurace min. Ƙarfe biyu na dare zan farka firgigit, ƙirjina na dukan uku-uku, gumi na keto min alhali ana tsakiyar hunturu, wuyana ya sanƙare kamar an ɗora min buhun masara an manta ba a sauke ba. Waya in ta yi ƙara gabana faɗuwa yake tun ban ga mai kira ba. Na sa a raina ciwon zuciya ne ya kama ni. Na je wani asibiti aka auna jini, aka duba suga, aka yi gwajin taifod da maleriya, har hoton zuciya aka ɗauka, likitan ya duba takardu yace Malam lafiyarka ƙalau, damuwa ce ta yi maka yawa. Wallahi a lokacin ban ji daɗin maganar ba, gani nake mutum na jin kamar zai mutu ana ce masa tunani ne. Na fito na biya wani kemis aka ba ni ƙwayar barci ba tare da wata takarda ba, daren farko na yi barci, na biyu ma haka, kafin sati ya zagayo na ga ɗaya ta daina isa ta, sai tsoro ya kama ni na ajiye.

Ranar wata Juma'a bayan an sauko na shiga gaishe da Dada. Ta ɗago ta dube ni, abin da ba ta saba yi ba, ta kori yaran da ke ɗakin sannan tace "matso nan, juya min baya". Na zauna a tabarma. Ta jawo gwangwanin man kaɗanyarta ta lakato ta murza a tafin hannu har ya narke, ta ɗora hannu a wuyana. Ba ta tambaye ni nawa ake bi na ba, ba ta yi min nasiha ba, abin da ta faɗa kawai shi ne "jijiyar nan duk ta ɗaure". Ta yi ta bi da babban yatsa daga ƙeya zuwa kafaɗa, ta danna ta saki, ta danna ta saki, a hankali ba gaggawa. Ban san lokacin da hawaye ya fara zubo min ba, ina da shekara sama da arba'in da 'ya'ya biyar, kuma rabon da hannun mahaifiyata ya taɓa jikina ban ma iya tunawa. Ta yi kamar ba ta gani ba ta ci gaba. A kan tabarmar nan barci ya ɗauke ni, kiran la'asar ne ya tashe ni. Bashin yana nan ko sisi bai ragu ba, amma na tashi ina iya jan numfashi har ƙasan ciki, kuma daren ranar na kwana ba ƙwaya.

Tun daga nan nake da ra'ayin da zan faɗa yau, cewa mun yi sakaci da tausa, mun bar ta ta fita daga gidajenmu a daidai lokacin da muka fi buƙatarta, kuma ya kamata a dawo da ita a matsayin taimakon farko ga mai damuwa, kamar yadda ake ba mai gudawa ruwan gishiri da suga kafin a kai shi asibiti.

Daga baya na nemi sanin me ya faru da jikina a ranar, don ban yarda tsafi Dada ta yi ba. Abin da na fahimta shi ne jikin ɗan Adam ba ya bambance kura da mai bin bashi. In hankali ya tashi, jiki na sakin sinadarai irin su adirenalin da kotizol, zuciya ta ƙara gudu, numfashi ya koma sama-sama, naman wuya da kafaɗa da baya ya ɗaure don shirin gudu ko kokawa. In kura ce, minti goma an gama, ko ka tsira ko ta ci ka. Amma kuɗin haya da kuɗin makaranta da ciwon yaro ba sa wucewa a minti goma, sai jikin ya zauna a ɗaure wata da watanni, kamar mashin da aka murɗe totur aka riƙe. Shi ya sa mai damuwa a wajenmu da wuya yace maka yana da damuwa, ce maka zai yi kansa na sarawa, ko olsa ta tashi, ko jikinsa duk a mace, ko wani abu na yi masa yawo a jiki. Ba ƙarya yake ba, jiki magayi. To Allah ya halicci jiki da birki kamar yadda ya yi masa totur, akwai ɓangaren jijiyoyi da aikinsa shi ne sassauta bugun zuciya da kwantar da numfashi, kuma dannawa a hankali da shafa mai ɗumi suna cikin abubuwan da ke taka wannan birkin. Har akwai wasu ƙananan jijiyoyi a fata da aka gano sun fi amsa shafa ta sannu-sannu, ba ta sauri ba. Mu ai mun daɗe da sanin haka ba da suna ba. Me ya sa jariri ke shiru in aka goya shi ana bubbuga bayansa? Me ya sa mace ke gyangyaɗi a cinyar mai kitso? Mu maza nawa ne barci ke fizga a kujerar mai aski in ya fara shafa kai?

Kuma an gwada abin a ilimance. A 2016 masu bincike a jami'ar Emory da ke Amurka sun ɗauki mutum 47 masu ciwon fargaba, aka raba su biyu, wasu ana yi musu cikakkiyar tausa sau biyu a sati har sati shida, wasu kuma ɗora musu hannu kawai ake yi sama-sama, waɗanda aka yi wa tausar sun fi samun sauƙi. Amma akwai wani binciken na 2010 a birnin Siyatil na Amurka da ya fi tsaya min a rai, kuma zan faɗe shi duk da kamar yana rage wa maganata ƙarfi. Mutum 68 aka raba uku, wasu tausa, wasu gashi da abu mai ɗumi, wasu kuma a kwantar da su a ɗaki shiru su riƙa jan numfashi a hankali. Bayan sati 12 dukkansu damuwarsu ta ragu sosai, kuma tausar ba ta fi sauran biyun ba. Wani zai ce to ka gani, ashe ba wani sirri a cikinta. Ni kuma abin da na gani daban ne. Duk su ukun abu ɗaya suka samu, an ware musu lokaci, an rufe ƙofa, ba mai kira ba mai aike, wani ya kula da su. Yanzu ka gaya min, a gidan da mutum goma sha biyu ke kwana a ɗaki uku, ina matar gida za ta samu awa guda na shiru in ba wani ya tsaya ya ce ku fita ku ba ta wuri ba? Ai tausar ita ce hujjar da ke samar da wannan lokacin. Dada sai da ta kori yara kafin ta ɗauko mai.

Abin da ke ba ni takaici shi ne ba baƙon abu ba ne a wajenmu. Ungozoma tana yi wa mai jego, ga ruwan zafi da ganyen darbejiya ga matsar jiki. Jariri in aka yi masa wanka sai an shafe shi da mai an miƙe masa hannu da ƙafa an murza bayansa. Muna yara in Kaka ta dawo daga unguwa ko Baffa ya dawo daga gona, mu ake kira a matsa musu ƙafa a ja musu yatsu, ƙaramin cikinmu ya taka baya, a sallame mu da gyaɗa ko ɗan ƙuli, kuma a nan ne muke jin labarin da ba a ba mu a makaranta. Wanzami in ya gama aski sai ya dafa wuya ya matsa kafaɗa. Mai yankan farce a bakin masallaci ma sai ya ja maka yatsu kafin ya karɓi kuɗinsa. Duk wannan ina ya tafi? Yanzu da daddare kowa ya rungumi waya, uba na gefe ɗaya yana kallon labaran da ke ƙara tayar masa da hankali, uwa na can, yara na can. Kalmar ma an ɓata ta, da zarar an ce masaj tunanin mutane otal yake tafiya da abin da ba shi da kyau, ko kuma wurin gyaran jiki na matan manya da ake biyan abin da ya kai cefanen wata. Tsakanin waɗannan biyun sai talaka mai mutunci ya ga ba shi da rabo a ciki, alhali abin na kakarsa ne.

Bari in zo inda na san wasu ba za su ji daɗi ba. A garin nan duk amaryar da za a kai sai an zaunar da ita, Goggo ta faɗa, Adda ta faɗa, masu koyar da zaman aure a WhatsApp su faɗa, in mijinki ya dawo ki tare shi da ruwa, ki matsa masa ƙafa, ki yi masa tausa. Madalla, ban ce kar a yi ba. Amma ban taɓa zama a wajen da aka ja ango gefe aka ce masa kai ma ka riƙa matsa mata ba. Ko sau ɗaya. Kuma wa ya fi tsayuwa a gidan? Matar da ta tashi tun kafin asuba ta hura wuta, ta shirya yara, ta yi wanki a tsugune, ta yi shara a duƙe, ga goyo a baya ga wani cikin, in kuɗin cefane bai kai ba ita ce za ta san yadda za ta yi tukunya ta tafasa, ita ke fara jin zafin jikin yaro da tsakar dare. Irin waɗannan matan da yawansu suna fama da faɗuwar gaba da rashin barci da kuka ba dalili, in abin ya yi yawa sai a ce iskokai ne ko an yi mata sammu ko kishi ne ke cin ta. Ni ba na musun ruƙiya, ayoyin Allah waraka ne, amma a yi ruƙiyar a kuma duba ko baiwar Allah nan ta taɓa samun minti ashirin da wani ya kula da gajiyarta. Akwai matan da hannun mijinsu ba ya zuwa jikinsu sai in yana da buƙata, har jikin ya saba, da an taɓa ta sai ta ƙara ɗaurewa don ta san wani aikin ne ya zo. Tausar da nake magana a kai ita ce wadda ba a neman komai a bayanta, a yi mata a ja mata bargo a bar ta ta yi barci. Na fara yi wa maiɗakina bayan abin da ya same ni, ranar farko ta ɗauka wani laifi na yi nake neman rufewa, sai da aka ɗau kwanaki kafin ta saki jiki. Wannan kaɗai ya ishe ni gane irin nisan da muka yi.

Na san masu cewa wannan zubar da girma ne, namiji da matsa ƙafar mace. An tambayi Nana A'isha, Allah ya ƙara mata yarda, me Annabi (SAW) yake yi a gida, tace yana cikin hidimar iyalinsa, in lokacin salla ya yi ya fita. Wanda ya fi kowa girma kenan. Akwai kuma masu cewa damuwa raunin imani ce, mai tawakkali ba ya fargaba. Wannan maganar ta cutar da mutane da yawa, ta sa suna ɓoye ciwonsu har sai ya kayar da su. In damuwa ba ta samun mumini, me ya sa aka koya mana neman tsari daga hammi da hazan, wato damuwa da baƙin ciki, a addu'a? Kuma ku duba yadda hannu yake shiga cikin addu'ar kanta. Sahabi Usman bin Abil As ya kai kukan ciwo a jikinsa, aka ce ya ɗora hannunsa a inda yake masa ciwo, ya yi Bismillah sau uku sannan ya nemi tsari sau bakwai. In za a kwanta ana tofa Ƙulhuwallahu da Falaƙi da Nasi a tafin hannu a shafe jiki. Ba ina cewa wannan tausa ba ce, a'a, ibada ce. Ina dai nuna cewa ɗora hannu a jikin mai jin ciwo ba abu ne da ya saɓa da tarbiyyarmu ba, sharaɗin dai a kiyaye iyaka, namiji ga namiji, mace ga mace, ko miji da mata, ko muharrami.

Sai masu cewa tausa ba ta sauke farashin shinkafa. Gaskiya ne, kuma ina tare da su ɗari bisa ɗari, kar wani ya ɗauki maganata ya ce talaka ya je a matsa masa wuya ya yi shiru. Abin da ke hana mutane barci a ƙasar nan sananne ne, tsadar rayuwa, rashin aiki, rashin tsaro, kuma masu mulki ne ke da alhakin gyarawa. Amma kafin a gyara fa? Mutumin da ya yi sati uku bai yi barcin kirki ba ba ya iya lissafi daidai, a kasuwa zai yi kuskure, a gida zai huce a kan yara, a hanya zai iya kaɗe wani. Ni da na samu barci ne na iya zama da waɗanda ke bi na muka tsara yadda zan riƙa biya kaɗan-kaɗan, abin da na kasa yi wata biyu saboda ko wayarsu ba na iya ɗauka.

Kuma in ba mu ba mutane wannan ba, akwai abin da ke jiransu a lungu. Binciken da aka yi a 2018 tare da ofishin Majalisar Ɗinkin Duniya mai kula da miyagun ƙwayoyi ya nuna 'yan Najeriya miliyan 14.3 ne suka yi ta'ammali da ƙwaya a cikin shekara guda. A shekarar ce gwamnati ta hana maganin tari mai kodin bayan an ga yadda ya shiga har ɗakunan matan aure. Muna yawan cewa lalacewa ce, wani lokacin kuwa ba haka aka fara ba, mutum ne ke neman abin da zai kashe wutar da ke cikin ƙirjinsa ya samu ya runtsa, ƙawa ta ba ta rabin kwalba, aboki ya ba shi tiramol ɗaya. Ni kaina sati guda na yi da ƙwayar barci na ga inda hanyar ta nufa. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce a 2019 mutum miliyan 301 ne ke fama da ciwon fargaba a duniya, kuma kusan ɗaya cikin huɗu ne kawai ke samun magani. Mu nan likitocin ƙwaƙwalwa a duk ƙasar ba su wuce 'yan ɗaruruwa ba ga mutum sama da miliyan 200, sai a farkon 2023 ma aka sa hannu a sabuwar dokar lafiyar ƙwaƙwalwa da ta maye gurbin wadda aka gada tun 1958. Ke nan ko mun so ko mun ƙi, yawancin masu damuwa a Bauchi da Misau da Ningi da Toro a gida za a fara jinyarsu, a hannun uwa ko mata ko miji ko ɗan'uwa. To gara a ce hannun ya san abin yi.

Ba wani abu ne mai wuya ba. Man kaɗanya ko man zaitun ko man kwakwa, duk wanda ke gidan. A ɗumama shi a tafin hannu, mutum ya zauna ko ya kwanta yadda zai sake, a ajiye waya a wani ɗakin. A fara da kafaɗa da bayan wuya, a bi gefe-gefen ƙashin baya ba kan ƙashin ba, a sauko tafin hannu da tafin ƙafa, wasu kuma kai suka fi so a sosa musu a hankali. Sannu-sannu, da nauyin hannu daidai, ana tambaya nan ya yi ko in rage. Minti goma sha biyar zuwa ashirin ya isa. Babban abin da na koya a wajen Dada shi ne rufe baki, ba lokacin tuhuma ba ne, ba lokacin ai na gaya maka ba ne. In mutum ya fara magana da kansa a saurara, in kuka ya zo a bar shi ya yi. In kuma yace ba ya so a taɓa shi a ƙyale shi, akwai wanda taɓawar ke ƙara tayar masa da hankali saboda wani abu da ya taɓa faruwa da shi, ba dole.

Amma dan Allah a ji wannan da kyau, don ba na so maganata ta zama sanadin cutuwar wani. Ƙafa ɗaya in ta kumbura ta yi zafi tana ciwo, musamman ga mai jego ko wanda aka yi wa tiyata ko ya daɗe a kwance, kar a matsa ta ko kaɗan, yana iya zama jini ne ya daskare a jijiya, in aka murza ya ɓalle ya tafi huhu ana iya rasa rai, asibiti za a nufa. Ba a tausa a kan karaya ko ƙuna ko miki, ba a yi wa mai zazzaɓi mai zafi, ba a danna cikin mai juna biyu, ba a matsa gaban wuya. Taka bayan tsofaffi ma da muka saba a yi hattara, ƙashin tsoho ba kamar na saurayi ba ne, hannu ya fi. Sannan ita kanta damuwar tana da matakin da ya fi ƙarfin gida. In an ɗau makonni mutum ba ya iya fita nema, ba ya cin abinci, yana firgita har ya ji kamar numfashinsa zai ɗauke, ko ya fara cewa gara ya mutu ya huta, wannan ba maganar man kaɗanya ba ce. Ciwon ƙirji da ke sauka hannu ko haɓa shi ma gaggawa ne. Akwai kuma cututtukan da ke kama da fargaba, irin su matsalar maƙoƙo da ƙarancin jini, sai an gwada ake ganewa, shi ya sa duk da na ji haushin likitan nan a ranar, yanzu na san zuwan da na yi shi ne daidai. Asibitin koyarwa na Abubakar Tafawa Ɓalewa yana da sashen lafiyar ƙwaƙwalwa, haka na tarayya da ke Gombe, ga kuma babban asibitin ƙwaƙwalwa na Maiduguri. Zuwa can ba ya nufin mutum ya haukace, akwai magani na sha akwai na zama a tattauna, kuma ana warkewa.

Abin da nake roƙo daga hukuma da malamai bai taka kara ya karya ba. A asibitocin unguwa inda mata ke zuwa awo, a ware rana a kira mazan a nuna musu yadda ake matsa wa mai ciki baya da ƙafa da kuma inda ba a taɓawa, ma'aikatan sashen gashin ƙashi sun san wannan aikin sarai. Malaman da ke wa'azi a walimar aure su raba nasihar biyu, kar a juye ta duka a kan amarya. Matasan da ke neman sana'a a koya musu wannan da tsafta da ƙa'ida, a samu wurare a kusa da kasuwannin Wunti da Muda Lawal da tashoshin mota, na maza daban na mata daban, ƙofa a buɗe farashi daidai aljihun ɗan dako da mai Keke Napep da direban da ya kwana a hanya. Mutane na tafiyar sama da kilomita 100 zuwa Yankari su shiga ruwan ɗumin Wikki su dawo suna cewa jikinsu ya yi sakayau kamar an sauke musu kaya, to mutum nawa ne ke da kuɗin motar zuwa can a yanzu? Tukunyar ruwan ɗumi da tawul da hannu biyu kuwa akwai su a kowane gida.

Yanzu duk Juma'a in na je gaishe da Dada nakan tafi da man kaɗanya a aljihu, don gwiwoyinta sun fara damunta kuma na lura tunda Baffa ya rasu ba ta barci sosai, ko da yake ba za ta taɓa faɗa ba. Ranar da na fara cewa ta miƙo ƙafa in matsa mata ta ƙi, ta ja zani ta rufe tace in kira ɗaya daga cikin yaran. Nace yaran suna Islamiyya. Sati na biyu ma ta ƙi. A na uku ne ta miƙo ɗaya, fuskarta na kallon bango, tana jan carbi. Har yau ba ta kira sunana ba, kuma ba ta taɓa ce min ta ji daɗi ba. Satin da ya wuce tafiya ta kama ni zuwa Azare ban samu zuwa ba, da na dawo maiɗakina take gaya min Dada ta aiko yaro, wai a ce wa shi wancan in zai zo ya taho da man nan, na wajenta ya ƙare.